Irin Albasa a Bakin Tekun da Ke Hana Ruwa

Gara in faɗa da bakina kafin 'yan majalisar bakin kasuwar albasa su riga ni: a labarin nan akwai wawa guda, kuma ni ne. Ba da ƙuruciya na yi wannan aiki ba. Lokacin furfura ta riga ta cinye rabin gemuna, ina da surukai, ina da jikoki masu gaishe ni a durƙushe. Abin da ya kai ni kuwa ilimi ne. Da jahili ne ni, da ina nan Aliero ina cin tuwona lafiya.

Ga ilimin. Kafin mahaifinmu ya cire ni daga firamare ya mayar da ni fadama, wani darasi guda ya zauna mini daram. Malam ya zana teku a allo, ya zana rana a samansa, ya ja kibiyoyi: rana ta dafa teku, tururi ya tashi ya zama hadari, iska ta koro shi, ya zubo mana. Na riƙe wannan kamar Fatiha. Shekara da shekaru, duk wanda ya ce ruwa daga sama yake zuwa, sai in gyara zama in ce masa daga teku yake, in kuma kalle shi da tausayi.

Mu manoman albasa kuwa ruwa ne ciwonmu. Rijiyar gona kullum ƙara zurfi take, injin ban-ruwa yana shan mai kamar mai gaba da kai. Ina cikin wannan ƙorafi a kasuwar Jega na gamu da Sule, wani ɗan Maiyama da ya daɗe a Muritaniya, ya zo ganin gida da takalmi mai ƙyalli.

"Baba Mamman," in ji shi, "garin da nike, Nuwadibu, teku ya kewaye shi, sai ta gehe guda ake shiga. Ƙasa rairai ta, lallausa. Hili kuwa ka yi ta tahiya, ba mai ce maka nashi na. Albasa a jirgi ake kawo musu ita."

"Ba mai noma ta?"

"Ko mutum guda ban gani ba."

Ina so a shaida: Sule bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba. Tambaya guda ce ban yi ba, wato me ya hana su. A raina na riga na amsa: lalaci. Ga rairayi, ga gidan ruwan sama a bakin ƙofa, ga kasuwa ba abokin hamayya. Na ce Allah Ya ajiye wa ɗan Aliero rabonsa a can.

Gidanmu muna da irinmu na albasa tun daga kakanmu. Ja ce, wuyanta siriri, ɓawonta kamar an ɗaure ta da fata. Ka zuba ta a rudu, wato rumfar karan da muke ajiyar albasa, ta kai ka har tsakiyar damina ba ta ruɓe ba, lokacin da ta wasu ta zama ruwa. Ba a sayar da irin nan a kasuwa, ba ma ba wa kowa. Kuma irin albasa ba gero ba ne da za ka manta shi a rumbu. Ya shekara, ya fara mutuwa. Ya sha laima, ya mutu tun kafin haka. A shekarar nan muka raba shi biyu da yayana Bawa. Na ɗaure rabona a tsumma, na sa a babban gwangwanin madara, na barbaɗa toka, na rufe.

Ba zan tsaya kan sallama ba. Matata Kulu ma ba kuka ta yi ba, tsaki ta yi.

Har Yamai ina gida, domin kowa na jin Hausa. Bayan Wagadugu ne, a wani shinge da ban san sunansa ba, aka sauke mu aka zazzage kaya. Wani jami'i ya buɗe gwangwanina, ya kwance tsumman, ya ga baƙaƙen ƙwayoyi ƙanana cikin toka. Ya ja da baya, ya kira ɗan'uwansa. Ni ban taɓa lura ba sai ranar: irin albasa da albarushi kamar uwa ɗaya ta haife su. Na ce albasa, na ce da larabcin allo, na yi alamar yanka da hawaye. Suka ɗebi kaɗan suka watsa a wutar mai shayi. Bai tashi ba. Maimakon su yarda, sai suka ɗebi babban tafi suka sake watsawa, wai ko na farko ya yi kaɗan. Ina tsaye ina kallon fangali guda na gonata yana hayaƙi. Wata tsohuwa da muke mota ɗaya, mai kwandon busasshen kifi, ita ta ture su, ta ɗauki 'yan ƙwayoyi ta tauna, ta hura wa babbansu a hanci, ta zazzaga masa magana da harshensu. Aka mayar mini da gwangwani. Ban san sunanta ba. Har Bamako tana miƙo mini gyaɗa ba ta kalle ni.

A Bamako Hausa ta ƙare. Na yi kwanaki a tasha ina jiran motar Muritaniya ta cika, ina kwana da gwangwani a hammata. Ba na iya zama wuri ɗaya. In na zauna sai in ga kamar damina tana can tana zuba a gonar da ban kai ba, sai in tashi in zaga motar, in leƙa ko an ƙaru da fasinja.

Da muka kama hanya, abu ɗaya ya riƙa damuna. Bisa ilimina, duk taku ɗaya zuwa teku ya kamata ƙasa ta ƙara kore. Sai na ga akasin haka. Itatuwa suka gajarce, suka koma ƙaya, ƙayar ma ta gaji ta bar mu. Na lallashi kaina na ce ai ko Jega ma sai ka ratsa tudu kafin ka sauka fadama. Daga Nuwakshot muka miƙe arewa, wani lokaci in hango teku ta hagu yana ƙyalli, ta dama kuwa rairayi har ƙarshen ido. Babu ko tsiron da akuya za ta yi wa kallo na biyu. Hamada ta zo har bakin ruwa ta tsoma ƙafa, kuma ba wanda ya jiƙa wani.

A Nuwadibu Sule, da ya riga ni komawa, ya tarbe ni da murna, irin murnar da daga baya na gane ta mai kai kaya ce. Washegari ya kai ni wani fili inda ake fede kifi a zuba masa gishiri a shanya, ya ce in ɗan taɓa kafin ruwa ya sauka. Mai wurin ya karɓi takarduna, wai ajiya. Ashe duk ɗan ƙwadagon da Sule ya kawo, akwai abin da ake sa masa a aljihu. Ya sama mini ɗaki a gidan wani dattijo Balarabe mai suna Sidi, sannan ya yi wuyar gani.

Garin nan iska ce sarkinsa. Daga arewa take zuwa, ba ta hutu, ba ta sallar Juma'a. Tana kaɗa kwano, tana cika maka haƙora da rairayi, tana sa ka ji kamar ana kiranka a waje. A watan da mutanen Aliero ke kwana a tsakar gida saboda zafi, ni bargo nake nema da asuba. Ranar da na fara tsoma ƙafa a teku, na yi tsammanin ruwan da rana ke dafawa zai yi ɗumi kamar na wanka. Na fito da gudu ina salati. Sanyinsa har cikin ɓargo, kamar ruwan da aka ciro daga firji.

Wata safiya na fito na ga gari ya rufe, fari fat, ba ka ganin gidan maƙwabci. Na ce Allahu Akbar, ga shi ya zo! Na shiga na fito da duk kwanukan Sidi na jera a tsakar gida. Shi kuwa yana zaune yana haɗa shayi, yana kallona. Hantsi na yi, abin ya watse, ko ɗigo bai bari ba sai danshi a riga. Da Sule ya leƙo, Sidi ya sa shi ya fassara mini: wai yana da ɗa da ya yi wayo har yana zuwa aike kafin ya ga ruwan sama na kirki, kuma ranar kuka ya yi, ya ɗauka rufin duniya ne ya tsage. Ruwan da suke sha ma daga wasu rijiyoyi can cikin hamada ake turo shi ta bututu.

Mai hankali a nan zai ɗaure kayansa. Ni kuwa mai ilimi ne. Na ce jinkiri ne kawai. Na samo akwatunan kifi, na cika da rairayi da kashin awaki, na zuba rabin abin da ya rage na iri, ina shayarwa da ruwan saye. Ya tsiro kuwa, sirara kamar allurai, har na yi musu kirari. Iskar gishiri ta bi ta kansu. Na kare da buhu, ta ɗauke buhun. Na kare da bargona, na kwana ina rawar ɗari. Bakinsu ya yi fari, suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Daga nan na zama mai yawo. In na tashi daga aiki, sai in ratsa garin daga ruwan gabas zuwa na yamma ina duban sama, in dawo, in sake komawa. Yaran unguwa suka sa mini wani suna da har yau ban so a fassara mini ba.

A bakin tashar jiragen kamun kifi na ji wata murya ta ce, "Ke, ba haka munka yi da ke ba!" Na tsaya cak. Wata mata ce da waya a kunne, tana yi wa 'yarta faɗa da Hausa irin tamu. Na jira ta gama, na yi sallama. Sunanta Rabi, 'yar Dogondutsi, ta yi karatun teku, tana aiki da masu auna ruwa domin sanin inda kifi zai yi yawa. Da na ba ta labarina, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na motsi.

"Baba, ka yi haƙuri, ba kai nike ma dariya ba."

"Ɗiyata, yi abinki. Ni ma da wani na, da na yi."

Ta ce gobe za su fita awo, suna neman mai jan igiya. Na bi su a kwalekwale mai inji. Da muka yi nisa aka kashe injin, iska ma ta ɗan lafa. Ta nuna mini wani farin gini a gaɓa, ta ce in riƙe shi da ido. Muna zaune ba mai tuƙi, sai ga ginin yana tafiya arewa.

"Gini na tahiya?" in ji ta.

"A garin nan ba abin da zan musa."

"Mu muke tahiya. Bisa gulbi muke, Baba. Gulbi na cikin teku, ba shi da gaɓa, ya hi duk gulaben da ka sani in an haɗa su. Daga arewa yake gangarowa."

Aka zura kwalba da igiya can ƙasa, na jawo. Ta zuba mini ruwan a hannu. Ya fi na sama sanyi nesa.

Da yamma ta kai ni gidanta, mijinta ya tarbe ni, ta dama kunun gero. Rabona da ƙamshin gero tun Yamai. Sai da na juya fuska na share ido. Ta ajiye kwanon a gabana ta ce kada in sha tukuna, in hura daga gefe guda. Na hura. Saman kunun ya gudu zuwa ɗaya gefen, na ƙasa ya taso ya maye gurbinsa.

Ta ce to haka iska ke yi wa teku. Iskar da ta daɗe tana busawa ta fuska guda tana jan saman ruwa ya bi ta, shi ne gulbin. Duniya kuma tana juyawa, juyawar nan tana karkatar da shi, ga ƙasashe sun tare masa hanya, sai ya riƙa zagaye kamar ana juya miya a tukunya. Ruwan da rana ta ɗumama a tsakiyar duniya yana tafiya yamma, ya hau arewa ta gefen Amurka, ya tsallaka ya kai wa Turawa ɗumi da ruwan sama, shi ya sa sanyinsu bai kai yadda ya kamata ya kai ba. Can ya huce, ya juyo kudu ta wannan gaɓa da sanyinsa. A nan kuma iskar da ke hana ni barci tana ture na sama zuwa tsakiyar teku, na can ƙasa mai tsananin sanyi ya taso, ya taho da duk takin da ya kwanta a ƙasan teku. Takin nan ke ciyar da abincin kifi. Shi ya sa kifi ya yi musu yawa har suna shanya shi kamar tsumma.

"To ruwan sama fa?" na ce. "Ga ruwa, ga rana."

"Hadari sai iska ta hau bisa. Iska mai ɗumi ke hawa. Wagga ta kwanta bisa ruwan sanyi, ta yi nauyi, ta zauna. Iyakarta ta yi hazo ta jiƙa maka riga."

Ta ce namu ruwan daga tekun kudu yake, can wajen Ikko, inda ruwa ke da ɗumi. In ƙasarmu ta gasu da bazara sai ta jawo iskar can da danshinta. Har ma yanayin ɗumin wannan teku na kudu yana da hannu a ko damina ta hauro mana sosai ko ta maƙale a kurmi. Ta ƙara da cewa akwai wani gulbin a can ƙasa, na ruwan da sanyi da gishiri suka yi wa nauyi ya nutse a ƙarshen arewa, yana rarrafe a ƙasan teku, kakanni da jikoki su shuɗe kafin ya sake ganin rana.

Na gyara hula na ce, "Malaminmu bai hwaɗi haka ba."

"Bai yi ƙarya ba, Baba. Ka dai tashi ba a buɗe shahin littahi na gaba ba."

Bayan 'yan kwanaki Yaya Bawa ya kira ni. Shi ba mai kiran waya ba ne, don haka tun kafin ya yi magana na san ba lafiya ba. Ya ce an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, fadama ta cika ta tumbatsa, ta shafe wurin renon da ya zuba irinsa duka. Ko tsinke bai tsira ba.

"Mamman," ya ce, "na hannunka shi kaɗai yar rage. Yana nan?"

Na ce yana nan. Ban ce saura nawa ba.

Na buɗe gwangwani. Tokar ta dunƙule. Hazon da na jera wa kwanuka, wanda bai ba ni ko kurɓi ba, ya samu hanya ya shiga wurin irin kakanmu. Na shanya shi a ɗaki, na zauna gadinsa, na tashi, na zauna. Lokacin zuba iri a gida yana wucewa, takarduna kuma suna hannun mai kifi, wanda ya ce sai kakar kifi ta ƙare. Sule ya kashe waya.

Sidi ne ya fitar da ni. Ban roƙe shi ba, gani ya yi na daina cin abinci. Ya sa babbar rigarsa shuɗiya, ya kama hannuna har wurin mai kifin, ya zauna a kan tabarmarsa. Aka kawo shayi, ya ture kofin. Aka sake kawowa, ya sake turewa. Ma'aikata suka fara leƙe. A wurinsu ashe dattijo ya ƙi shayinka a gaban mutane ba ƙaramin abu ba ne. Kafin a kawo na uku, takarduna sun fito. Sai a lokacin ya sha, ya kuma yaba shayin.

Dawowa ban ga komai a hanya ba. Gwangwani yana ɗaure a cikina ƙarƙashin riga, duk shingen da muka zo ina karanta abin da na sani. Duk inda mota ta tsaya, ni ne mai fita in tura. Na iso Aliero mutane har sun fara dashe.

Yaya Bawa bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Ya karɓi tsumman, ya auna shi a tafin hannu, ya dube ni, ya wuce fadama. Muka zuba tare. Kullum da sassafe ina can a tsugune ina leƙen ƙasa, har maƙwabta suka ce ko na jefar da allura. Da ya tashi tsirowa, ya fito jefi-jefi, nan ɗaya, can biyu, fiye da rabi bai farka ba. Yaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wanda ya fito zai isa a samu 'ya'yan da za a mayar ƙasa su yi iri baɗi. Irin gida ya tsira da ƙyar. Amma a shekarar, gidansa da nawa ba wanda zai kai buhu ɗaya kasuwa, rudunmu biyu za su kwana wayam.

Ranar da ya faɗi haka, bayan la'asar, muna zaune da shi a tsakar gidana. Kulu ta kawo kunu. Na ga dama ta samu in nuna cewa tafiyar ba ta tashi a banza ba. Na jawo kwanon, na ce su matso. Na hura, na nuna musu yadda na ƙasa ke tasowa. Na bi da su Amurka, na kai su Turai, na nutsar da su a ƙarshen arewa, na rarrafo da su ta ƙasan teku. Yaya yana kallon ƙasa. Ni kuwa murya ta buɗe, har na ɗaga yatsa kamar malaminmu na da.

"Kun gani," na ce, "ruwa ma da yake ruwa, sai ya bar gida ya zaga duniya, ya sha wuya, kana ya komo inda ya hito. Haka Allah Ya tsara tahiya."

Kulu ta miƙo hannu ta janye kwanon daga gabana, ta ajiye wa Yaya.

"Awo, Malam, mun ji. Amma shi ruwan, da yaz zaga yad dawo, kihi yak kawo ma mutane. Kai mi kak kawo?"